Yadda ake tantance tsofaffin faifan garmaho da sidi kafin a sayar ko a ajiye

Jama'a kusan duk gidan Bahaushen da ya daɗe a Legas, ko Agege ne ko Idi-Araba ko Obalende ko can wajen Alaba Rago, in ka leƙa ƙarƙashin gado ko saman wadurof zaka tarar da wata Gana-mas-go cike da sidi, wani gidan ma har da manyan baƙaƙen fayafayan nan na garmaho da Baba ya tara tun zamanin da yake samartaka. Ba wanda ke tuna su sai ranar da mai gida ya ƙara kuɗin haya za a tashi, ko za a koma Arewa gaba ɗaya, toh a ranar ne ake kiran ɗan jari bola ya kwashe duka a kuɗin da bai kai na cefanen yini ba. Ni wallahi abun nan yana min ciwo, don a cikin buhun nan akwai abun da yake da kuɗi sosai, akwai abun da ko sisi ba zai yi ba amma in ya ɓata ya ɓata kenan har abada, akwai kuma tarkacen da ya kamata a ce tuntuni an rabu da shi. Aikin kawai shi ne ka raba ukun nan kafin ka buɗe baki ka yi ciniki da kowa. Ga yadda ake yi.

Da farko ka tabbatar kayan na waye

Kar ka raina wannan. In fayafayan na mahaifinka ne kuma ya rasu, Allah ya jiƙansa, toh sun zama kayan gado kamar kujera da firij, ba naka ba ne kai kaɗai don kawai a ɗakinka suke. Ka je ka samu Hajiya ka ce mata "Hajiya fayafayan Baba ne nake so in duba, in akwai na sayarwa a sayar a sa a lissafin gado, in akwai wanda kike so a bar miki sai ki nuna min." Zaka sha mamaki, wata uwar faifai guda ɗaya tak zata ɗaga ta ce wannan kar a taɓa shi, shi yake sawa ran Lahadi in ya dawo daga kasuwa. Ka kira yayyenka da ƙannenka na Kano ko Zariya ka gaya masu tun kafin kuɗi su shigo, saboda in aka ji an sayar da faifai ɗaya da tsada daga baya, rigimar da zata biyo baya tafi kuɗin yawa.

Sai ka baje su ka rarraba

Ka samu ranar da ba ruwan sama, ka shimfiɗa tabarma a cikin ɗaki, ba a rana ba, ka fito da komai. Baƙaƙen fayafayan kala uku ne. Akwai babba mai faɗin inci 12 wanda ke juyi 33 a minti, shi ne mai ɗauke da waƙoƙi da yawa gaba da baya. Akwai ƙarami mai inci 7 mai juyi 45, yawanci waƙa ɗaya a kowane gefe. Sannan akwai tsohon hannu mai juyi 78, yana da nauyi da tauri, ba ya lanƙwasuwa ko kaɗan, in ya faɗi ƙasa tarwatsewa yake, shi ne ainihin na garmahon wani-da-hannu mai allurar ƙarfe. Shi wannan ka ware shi gefe guda tun yanzu kar yara su zo kusa.

Sidi kuma ka juya bayansa ka duba. Wanda aka buga a kamfani bayansa fari ne fes kalar azurfa, kuma in ka duba zoben tsakiya kusa da ramin zaka ga ƙananan lambobi, waɗanda aka buga daga 1994 zuwa sama da yawansu har da haruffan IFPI. Wanda aka ƙona a kwamfuta kuwa bayansa na ɗan yin kore-kore ko shuɗi, in dibidi ne ya yi ruwan malmo, sau da yawa an rubuta sunan da maka a sama. Mu faɗi gaskiya, mafi yawan sidin da ke gidajenmu daga Alaba suka fito ko Ƙofar Wambai, ko irin na cikin go-silo mai waƙa ɗari a faifai ɗaya, kuma irin waɗannan ba mai saye. Amma kar ka watsar da su tukuna, zan zo kansu.

Duba lafiyar kowane ɗaya

Faifan garmaho ba a kama shi ta ciki, tafin hannu biyu ake sawa a gefe da gefe, ko babban yatsa a baki sauran yatsun a takardar tsakiya. Ka kai shi bakin taga ko ka haska fitilar waya a kaikaice kana ɗan karkata shi, duk wani ƙwarzane zai bayyana. In ka ga layi sai ka bi ta kansa da bayan farce a hankali, in farcen bai ji komai ba toh a sama yake, zai yi sauti lafiya, in kuwa farcen ya ɗan maƙale toh allura ma zata maƙale a wajen, ko ta riƙa "tas, tas" duk zagaye ko ta yi tsalle. Daga nan ka ɗora shi a kan tebur mai santsi ka sunkuya ka kalle shi ta gefe, in wani ɓangaren ya ɗaga sama toh zafi ya lanƙwasa shi. Ɗan lanƙwasa kaɗan ba komai, wanda ya yi tudu da kwari kam ya tafi, kuma don Allah kar ka bi shawarar masu cewa a sa shi a rana tsakanin gilasai biyu ko a goga da dutsen guga, ramukan da sautin ke ciki ne ke narkewa.

Ka shinshina kwalin. Danshin Legas ba ya raga wa takarda, musamman in kayan sun kwana a ƙasa lokacin ruwan Yuni da Yuli, zaka ga fari-farin fumfuna a jikin faifan, kwalin ya manne, wani gara ko kyankyaso sun ci gefe. Ko da kwalin ya yage kar ka yar, ko da takardar ciki ce ta yi ja, masu saye suna son faifai da kwalinsa na asali, wani lokacin ma zanen kwalin ne rabin darajar, kamar na Fela da Lemi Ghariokwu ya zana.

Shi sidi abun da mutane basu sani ba shi ne gefen da aka yi rubutu yafi bayan hatsari, don bayanan suna kwance ne dab da saman. Ka ɗaga shi ka kalli haske ta cikinsa, in ka ga ƙananan huji-huji haske na ratsowa ko azurfar ta fara ɓarewa daga baki toh ya kama hanyar mutuwa, ka sa shi a sahun farko na waɗanda za a kwafa.

Wanki

Na garmaho mai juyi 33 da 45, ka samu ruwan distil a kemis, ka kula ba ruwan batir mai asid ba, ka ɗiga sabulun wanke-wanke na ruwa ɗigo ɗaya ko biyu a kofi, ka jiƙa ƙyalle mai laushi irin na goge tabarau ka bi zagayen layukan yadda allura ke bi, kar ruwan ya taɓa takardar tsakiya. Ka ɗauraye da wani ruwan distil ɗin, ka jingina shi a tsaye a inuwa ya bushe sarai kafin ya koma kwali, in ka mayar da shi da laima fumfunar ce zata dawo. Mai juyi 78 kuma kar sifirit ko turare ko sanitaiza su kusance shi, narkar da shi suke, burushi mai laushi ya ishe shi. Sidi akasin haka ake goge shi, daga tsakiya zuwa baki a miƙe, ba zagaye ba.

Kwafa, nan ne zuciyar aikin

Ko zaka sayar ko zaka ajiye, ka fara cire abun da ke ciki. Nan nake so a dawo kan ƙonannun sidin nan da na ce ba mai saye. A cikinsu ne ake samun bidiyon bikin Anti na 2004, da walimar saukar ƙaninka a Islamiyya, da naɗin sarauta a fadar Sarkin Hausawa, da wa'azin da wani malamin unguwa ya yi a masallacinku wanda yanzu ya rasu kuma ba wanda ya taɓa ɗora shi a intanet. Su waɗannan ƙonannun sun fi na kamfani saurin lalacewa saboda sinadarin da ke cikinsu yana koɗewa da zafi da haske, don haka su ne na gaggawa.

Laftof na yanzu yawanci ba wajen sa sidi, sai ka sayi ɗan injin karanta sidi na waje mai igiyar USB, ana samu a Computer Village da ke Ikeja ko a Alaba, ka gwada shi a shagon da sidinka kafin ka biya. In bisidi ne na fim ko biki, ka buɗe shi a kwamfuta zaka ga folda mai suna MPEGAV, a ciki akwai fayil irin AVSEQ01.DAT, shi zaka kwafa kai tsaye, manhajar VLC na buɗe shi ba matsala. In dibidi ne ka kwashe foldar VIDEO_TS gaba ɗaya. Sidin sauti zalla ne mai tarko: zaka ga wasu ƙananan fayil masu ƙarewa da .cda, mutum ya jawo su cikin filas yana murna ya gama, alhali ba sauti a cikinsu ko kaɗan, alama ce kawai. Dole sai da manhajar tatsa, akwai Exact Audio Copy kyauta ce, Windows Media Player ma yana yi. Ka zaɓi FLAC don ajiya, ba ya rage ingancin sauti kuma girmansa kusan rabin na asali ne, sai ka yi MP3 daban na sawa a waya da tura wa dangi a WhatsApp. In ka kai wa masu turi a shago su yi maka, ka tsaya a wajen, ka saurari farko da tsakiya da ƙarshe kafin ka tashi.

Faifan garmaho yafi wahala don sai an kunna shi daga farko har ƙarshe ana naɗa. Kana buƙatar garmahon zamani mai wuta, wanda ke da USB yafi sauƙi, sai manhajar Audacity ita ma kyauta. In ba ka da shi ka nemi tsofaffin masu gyaran rediyo ko diije, ka biya a yi maka a gabanka. Ka tambayi lafiyar allurar, don allurar da ta cinye tana cin faifai ne tana tafiya. Sannan ko da wasa kar a ɗora mai juyi 33 ko 45 a kan tsohon garmaho mai allurar ƙarfe, zagaye ɗaya ya isa ya kashe shi.

In ka gama ka sa wa kowane fayil suna mai ma'ana, sunan mawaƙi ko taron da shekara, ka ɗauki hoton kwalin gaba da baya ka haɗa. Ka ajiye a wuri biyu aƙalla, ɗaya a nan ɗaya a wajen ɗan'uwa a gida Arewa ko a Google Drive, filas guda ɗaya ba abun dogaro ba ne.

Sanin kuɗinsa

Yanzu faifan garmaho ya dawo da ƙarfi a duniya, a Amurka a 2022 yawan wanda aka sayar ya zarce na sidi, karon farko tun 1987. Mu kuma a nan Legas muke zaune a kan tushen abun. A da kamfanin EMI na da situdiyo a Apapa, nan mawaƙin Ingila Paul McCartney ya zo ya yi naɗi a 1973, Decca kuma da tambarinta na Afrodisia a lokacin suna wajen Akoka, makaɗin Ingila Ginger Baker ya kafa nasa situdiyon a Ikeja, ga Tabansi ga Phonodisk na Haruna Ishola can Ijebu-Igbo. Tunda kamfanonin Ingila irinsu Strut da Soundway suka fara sake fito da kiɗan Najeriya na shekarun 1970, sannan Luaka Bop ta Amurka ta sake fito da waƙoƙin William Onyeabor a 2013, masu tara fayafayai daga Turai da Japan suka buɗe ido a kan bugun Najeriya na asali. Shi ya sa zaka ga wasu na bin gida-gida suna tambayar "akwai tsohon rekod?" suna neman a haɗa masu duka a kuɗi ɗaya. Sun san abun da suke nema, kai ne ba ka sani ba.

Toh ka sani. A takardar tsakiya ko a kwali akwai lambar kamfani, na Afrodisia da yawa suna farawa da DWAPS, na EMI Najeriya kuma NEMI. Ka shiga Discogs, shafin intanet na cinikin fayafayai, ka rubuta lambar, ka kwatanta hoton da naka sosai har da ƙananan lambobin da aka ƙarta a santsin da ke kusa da tsakiya, saboda bugun farko da sabon bugu ba kuɗinsu ɗaya ba. Kar ka kalli farashin da wani ya rubuta yana nema, kowa na iya rubuta abun da ya ga dama, ka kalli tarihin cinikin da aka riga aka yi, suna nuna mafi ƙasa da tsakiya da mafi sama. Mafi saman nan na faifan da yake kamar sabo ne. In naka ya sha biki ya sha suna, lissafinka ya koma ƙasa da tsakiya.

A taƙaice afrobit da fonk da rok da disko na Najeriya na 1970 zuwa farkon 1980 su ne masu zafi, hailaif da juju da apala ya danganta da faifan, na Turawa irinsu kantiri da waƙoƙin coci da aka buga miliyoyi kuwa sai dai a sayar a haɗe. Na Indiya ka duba su ɗaya-ɗaya, wasu na da masu nema.

Wanne za a riƙe, wanne za a saki

Ra'ayina a nan a fili yake. In ka ci karo da faifan Mamman Shata ko Ɗan Maraya Jos ko Musa Ɗanƙwairo ko Haruna Uje ko Ali Makaho, ko wani makaɗin fada ko na noma ko na dambe da ba ka taɓa jin sunansa ba, ka riƙe. Shata ya rasu 1999, Ɗan Maraya 2015, abun da ke yawo nasu a wayoyi yawanci an kwafo ne daga kaset zuwa kaset har sautin ya dushe, shi kuwa faifan yana ɗauke da kalangun tas da amshin 'yan amshi ɗaya bayan ɗaya, ga hoton mawaƙin da sunayen waƙoƙin a kwali. In talauci ko rashin wuri ya tilasta sai an sayar, a naɗa tukuna, kuma kafin a miƙa wa wanda zai fita da shi waje a fara tuntuɓar masu bincike a jami'o'in Arewa irinsu Bayero da ABU ko gidajen rediyon da ke da shirin tsofaffin waƙoƙi.

Wanda zaka sayar shi ne mai daraja a kasuwa wanda kai ba ka jin sa, ba ka da abun kunna shi, ba ka da busasshen wurin ajiye shi. Barin irin wannan a ɗakin da ke yoyo asara ce, duk damina darajarsa raguwa take, gara ka sayar yau yana da lafiya. Sidin kamfani na asali masu kwali da takarda ka haɗa su goma-goma ko ashirin-ashirin ka sa masu kuɗi kaɗan, ko ka ba direban da motarsa ke da wajen sa sidi, sadaka ce. Kwafin Alaba kam ba a sayarwa, kuma kwafin da ka yi wa kanka ma na gida ne, in ka fara bugawa kana sayarwa ka shiga hurumin dokar haƙƙin mallaka.

Sidin karatun Alƙur'ani da tafsiri, irin na Sheikh Abubakar Gumi ko Sheikh Ja'afar, ba ma jefa su a bola haka nan, musamman masu ayoyi a rubuce a kwali. Masu aiki ka kai masallaci ko Islamiyya ko ka ba dattijon da har yanzu rediyonsa mai sidi ne, waɗanda suka mutu kuma ka cire takardun ka tambayi malaminku yadda za a yi da su.

Wajen ciniki

Kar ka taɓa bari mai saye ya zo ya zaɓi masu kyau guda biyar ya bar maka sauran a farashin buhu. Ka riga ka rubuta jerinka, masu tsada kowanne da kuɗinsa, sauran a haɗe. Ka nemi tayi daga mutum biyu ko uku, akwai shagunan da ke harkar faifai a cikin gari irinsu Jazzhole a titin Awolowo da ke Ikoyi inda ko ba komai zaka ga yadda ake sa wa irin naka kuɗi, akwai masu saye a Instagram da Facebook da Jiji. Ka ɗauki hoto mai haske na gaba da baya da takardar tsakiya, in akwai ƙwarzane ka nuna shi, in yana tsalle a waƙa ta biyu ka faɗa, ɓoye aibin kaya haram ne kuma zai dawo maka da rigima. Haɗuwa a wajen jama'a, ba a gida ba, kuma sai ka buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin sun zauna kafin kaya su bar hannunka, hoton alat ba kuɗi ba ne. Mai saye daga waje yafi biya amma ka fara warware yadda kuɗin zasu iso ka da wanda zai biya kuɗin aike. In zaka aika, ka zare faifan daga kwalinsa ka ɗora shi a kai cikin rigarsa ta takarda don kar ya fasa gefen kwalin a hanya, ka sa kwali mai tauri sama da ƙasa ka naɗe da salatif.

Ajiyar waɗanda suka rage

A tsaye ake jera su kamar littattafai, ba a kwance wani kan wani ba, kuma kar a matse su kar a bar su suna jingine a karkace. Ka ɗaga su daga ƙasa aƙalla tsayin gwiwa saboda ambaliya, nesa da taga da bangon da ke tsatsafo da ruwa, nesa da janareto da kicin. Ka canza rigar ciki in ta ruɓe amma ka ajiye tsohuwar a gefe, ka jefa 'yan ƙullin nan masu shan danshi da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi, ka riƙa canza su, in damina ta wuce ka fito da su su sha iska a inuwa. In kuma Arewa zaka tafi da su, fayafayai ɗari da kwalayensu sun kai kusan kilo 20, don haka ka raba su a ƙananan kwalaye, kar ka yarda a ɗaure su a saman mota ko bayan tirela a ƙarƙashin tamfol, zafin hanya daga nan zuwa Kano ya isa ya lanƙwasa su duka. Ka biya masu kujera ko ka riƙe su a wajen ƙafarka, in kun isa gida kuma ka nema masu ɗaki mai silin, don a can ƙura da zafin kwano ne zasu zama matsalarka.